Zama 8 da masu ba ma'aurata shawara ta waya, ni da maigidana da ya girme ni da shekara 22

Assalamu alaikum. Na dade ina so in rubuta wannan abin amma sai in fara in goge, saboda magana ce ta cikin gida kuma ni ba mai son fitar da sirrin aurena bace, to amma tunda maigidan da kansa yace in rubuta in dai ba zan kama sunan kowa ba, bari in fada muku yadda muka kwashe da wata cibiya da take ba ma'aurata shawara ta waya, wadda muka yi zama 8 da su cikin wata 4. Ba zan fadi sunan cibiyar ba kuma ba talla nake musu ba. Akwai alherin da suka yi min wanda ba zan manta ba, akwai kuma inda suka bata min rai sosai, duka zan fada.

Shekarata 31 shi kuma 53. Na aure shi ina 24 yana 46, matarsa ta farko Allah ya yi mata rasuwa kafin mu hadu ta bar masa yara hudu, babbar cikinsu shekara 4 kacal na ba ta, ni kuma na haifa masa biyu. Ba auren dole bane, na gama karatuna ina aikina na gan shi naji ina so, kuma har gobe ina sonsa, wannan ku rike shi kafin ku karanta sauran.

Matsalarmu ba irin wadda ake kai kara bace shi yasa ta dade tana ci na. Baya duka, baya zagi, bai rage ni da komai ba, in na fara yi wa mahaifiyata korafi sai tace to ke me kika rasa, sai in rasa amsar da zan ba ta. Abin da yake damuna kalma daya ce, "ke yarinya ce ba za ki gane ba". Zai canza wa yaranmu makaranta sai dai in ji bayan an gama, zai sayar da wani abu ya sayi wani sai dai in tsinci zancen a bakin 'yan uwansa, in na tambaya sai yayi murmushi yace kar ki damu kanki na riga na gama da shi. Shekarun farko wallahi dadi abin yake min, ina jin kamar na samu inuwa, mutum ya dauke miki duk wani nauyi ke dai ki zauna. Amma mace mai shekara 24 da mai shekara 31 da 'ya'ya biyu ba daya bane, ni na girma shi kuma idonsa yana nan a kan yarinyar da ya aura. Abin da ya kawo min wuya shine ranar da babbar 'yarsa ta tambaye ni ko Abba yana shan maganinsa a kan lokaci, nace wane magani, ashe wata 8 kenan likita ya dora shi a kan maganin hawan jini yana ajiyewa a ofis, ita ta sani kaninta ya sani, ni da nake kwana daki daya da shi ban sani ba, wai yace kar a fada min hankalina zai tashi. Ranar nayi kukan da ban taba yi ba a gidan nan.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambar cibiyar. Yadda tsarinsu yake, ta WhatsApp ake yin rijista, su turo fom kowa ya cike nasa daban ba tare da dayan ya gani ba, sannan ku zabi mace kuke so ko namiji, kowane zama minti 50 ne ta bidiyo, zaman farko kowa shi kadai ake ganinsa daga nan sai a hada ku. Sai da nayi sati uku ina lallashi kafin ya yarda, cewa yake ta yaya da girmana zan zauna ina fada wa bare abin da ke cikin gidana. Abin da ya sa ya sauko shine ta waya ne, babu wanda zai gan shi yana shiga wani ofishi, daga dakinsa ya rufe kofa shikenan. Gaskiya wannan babban abu ne a wajen maza masu irin shekarunsa, da ace sai an je an zauna a layi na tabbata har yau da bamu fara ba.

Inda suka fara bata min rai tun kafin a fara ne. Yarinyar da take karbar rijista ta kira ni tace Hajiya ko kin yi kuskure wajen rubuta shekarun haihuwa, nace a'a daidai ne, sai tayi dan shiru sannan tace "au, to", da wata irin murya wadda duk macen da ta auri babban mutum ta san ta, muryar nan ta an gano ki kudi kika bi. Saura kiris in fasa. Wurin da yake cewa yana karbar kowane irin ma'aurata bai kamata mai daukar wayarsa ta zama ita ce ta farko da za ta yi miki kallon biyu ahu ba, na fada musu haka a rubuce kuma sun ba ni hakuri, amma dai ya riga ya faru.

Ita kuwa wadda aka hada mu da ita, Anti nake ce mata shi kuma yana ce mata Malama, ita ce ta sa ban yi da na sanin zuwa ba. Babbar mace ce, ta kusa 60, ilimin halayyar dan Adam ta karanta, kuma shawarata ta farko ga duk mai irin aurena ki tambayi shekarun wanda za a hada ku da shi kafin ki amince. Da sa'ata aka kawo na san maigidana ba zai bude baki ba, zai gan ta ne a matsayin wata yarinyar, amma wannan tana magana yana sauraro don sa'arsa ce ko ma ta dan girme shi.

A zamana na farko ni kadai ta yi min wasu tambayoyi kai tsaye: shekarata nawa aka yi auren, da yardata aka yi, yana dukana ko yana tsorata ni, ina da kudin kaina da nake iya tabawa ba sai na nemi izini ba, yana hana ni ganin 'yan uwana. Da farko naji wani iri, sai tayi min bayani cewa tazarar shekaru ita kadai ba cuta bace amma wuri ne da mugun mutum yake samun saukin boye zalunci, domin galibi babban shi ke da kudi, shi ke da mutane, shi ake jin maganarsa, don haka dole ta tabbatar tukuna, kuma in da akwai duka ba za ta hada mu zama daya ba sam, wata hanyar za a bi don kare wadda ake cuta. Na ji dadin wannan sosai. Kuma ina so a fahimce ni, duk abin da nake fada a nan a kan manya biyu nake magana da suka zabi juna da hankalinsu, yarinyar da ba ta kai ba aka dauke ta aka ba sa'an kakanta tana kuka wannan wata magana ce daban, kar wani ya dauki rubutuna ya kafa hujja da shi.

Da aka hada mu, abin da ta fara yi shine ta cire mana jin cewa mu wasu bare ne a duniya. Ta kawo binciken cibiyar Pew ta Amurka na shekarar 2019 da ya duba kasashe 130, a dukkansu miji ya fi yawan girmar matarsa, matsakaicin tazara a duniya shekara 4.2, tsakanin Musulmi 6.6, a Gambiya ma ya haura shekara 14, a Amurka kuma 2.2 ne kawai. Amma ba ta tsaya a lallashi ba, nan take ta kara da wani binciken da aka fitar a 2017 wanda masana biyu suka yi da bayanan ma'aurata na kasar Ostireliya na tsawon shekara 13, sun gano wanda ya auri wanda bai kai shi shekaru ba ya fi jin dadin auren a farko, amma wannan karin jin dadin yana zaizayewa cikin shekara 6 zuwa 10, kuma in matsalar kudi ta fado ma'aurata masu tazara sun fi jijjiga a kan wadanda suke sa'o'in juna. Ta kalle mu tace ku shekararku 7, kun ga kuna tsakiyar wurin kenan. Ni dai sai naji kamar an sauke min dutse, ashe ba butulci ne yake damuna ba kamar yadda na dade ina zargin kaina, abu ne da yake samun mutane har an zauna an yi nazarinsa. Tace lissafin nan ba hukunci bane a kan gidan kowa, mai daki shi ya san inda yake masa yoyo, amma gara ku san inda ramin yake.

Zama na uku shi ne wanda ya canza komai, kuma abin da aka yi bai wuce takarda da biro ba. Tace kowa ya ja dogon layi ya rubuta shekarunsa da na dayan yau, sannan bayan shekara 7, bayan 15, bayan 22. Muka rubuta. In ya kai 60 lokacin da yake shirin yin ritaya ni ina 38, lokacin ne ma aikina zai fara kyau. Ranar da autarmu mai shekara 3 za ta cika 18 shi yana 68 ni ina 46, ga kudin jami'a a gaba ga fansho kadai a hannu. Ranar da zan kai shekarunsa na yanzu shi yana 75. Sai ta kara da cewa a kididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya mata suna fin maza tsawon rai da kusan shekara 5, tace rai a hannun Allah yake, yaro yana mutuwa ya bar tsoho kuma babu wanda ya san gawar fari, amma in abubuwa suka tafi yadda suka saba tafiya matar nan za ta iya yin shekara ashirin da wani abu a duniya babu kai, to Alhaji yarinyar da kake cewa ba za ta gane ba ita za ta rike gidan nan, yaushe kake so ta fara ganewa? Wallahi dakin yayi tsit kamar ruwa ya cinye mu. Shekara 7 muna tare bamu taba yin wannan lissafin da baki ba, kowa yana yi a zuciyarsa cikin dare yana tsoron kar dayan ya ji. Na ga idonsa ya kawo ruwa, mutumin da ban taba ganin hawayensa ba sai ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

A nan ne ya fadi abin da ban taba zato ba. Yace shi duk boye-boyen da yake yi ba raini bane, tsoro ne. Yana tsoron ranar da zan kalle shi in ga tsoho, shi yasa ya boye maganin, don a ganinsa ranar da na fara kirga masa kwayoyi ranar na daina zama matarsa na koma mai jinya. Yace in mun je makarantar yara aka ce masa Baba jikokinka ne, yana dariya amma kwana yake abin yana cinsa. Yace in ya ji ni ina kyalkyala dariya a waya da kawayena a kan wani abu da aka gani a TikTok shi bai ma san me ake nufi ba, sai ya ji kamar yana tsaye a bakin kofar wani daki da ba za a taba bude masa ba, kuma abokansa suna yawan ce masa ka rike ta da kyau kar ka sake mata, yarinya ce. Ni duk tsawon lokacin nan na dauka mutum ne da ya gama sanin komai baya shakkar kowa, ashe shi ma a tsorace yake kwana.

Ni ma ba ta kyale ni ba, kuma wannan yana cikin abin da ya sa na yarda da ita don ba ta dauki bangare ba. Ta tambaye shi wace kalma ce tawa ta fi yi masa ciwo yace "zamaninku ya wuce", kuma gaskiya ne ina fada, in ya yi maganar tarbiyyar yara ko sutura ko yadda ake kashe kudi sai in juya ido in ce wannan ai zamaninku ne. Ta yi mana bayanin wani masani dan Amurka John Gottman da ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata, ya lissafa abubuwa hudu da suke rusa aure: sukar halin mutum, raini, kare kai maimakon sauraro, da yin gum a ki magana, kuma raini ya fi sauran hadari. Tace "ke yarinya ce" raini ne, "zamaninku ya wuce" shi ma raini ne, kowa ya dauki shekarun dayan ya mayar sanda. Ta kuma nuna min cewa ni da kaina na taya shi mayar da ni 'ya, domin in nayi kuskure boyewa nake kamar yadda yaro yake boye wa uba, in ina son abu sai in yi fushi in daina magana maimakon in zauna in fadi hujjata. Ya yi min zafi amma haka ne. Aikin gida da ta ba mu shine a daina fadin kalmomin nan biyu gaba daya, kuma kowane dare minti 20 a ajiye waya a yi hira wadda ba ta yara ba, in magana ta yi zafi a tashi a ba juna minti 20 sannan a dawo. Satin farko zaman kurame muka rika yi, sai a sati na uku ne ya fara ba ni labarin kuruciyarsa da yadda ya fara aiki, abubuwan da ko sau daya ban taba tambayarsa ba.

Maganar dukiya kuwa tace ba fanninta bane, mu nemi malami da lauya, kuma na yaba mata da ba ta yi shisshigi a abin da ba ta karanta ba. Amma ita ta tayar da zancen. Shi a tunaninsa in ya rasu na gama samun abin rike kaina, sai da malamin ya tuna masa cewa mace in mijinta ya bar 'ya'ya tumunin dukiya take gada, daya cikin 8, kamar yadda ya zo a aya ta 12 cikin Suratun Nisa'i, kuma babu wasiyya ga magaji, ya yi mana bayanin kyauta da sharuddanta in mutum yana so ya yi da ransa da lafiyarsa ba tare da ya zalunci sauran 'ya'yansa ba. Daga nan ya daina matsa min in bar aiki, abin da muka shekara 3 muna ja a kai. Ya zaunar da ni ya nuna min takardun gida, asusun banki, bashin da ake binsa da wanda yake bi, ranar ce na fara jin ni matar gidan ce da gaske.

Akwai zama daya da aka yi kan shimfida, ba zan shiga ciki ba, abin da zan fada kawai don zai amfani wasu: hawan jini da ciwon suga suna rage wa namiji karfi, wasu magungunan hawan jinin ma suna yi, kuma maza da yawa sun gwammace su yi shiru ko su sayi kwaya a boye a kan su fada wa likita. Anti ta ja kunnensa sosai cewa kwayoyin karin karfi suna da hadari ga mai shan wasu magungunan zuciya, jini yana iya faduwa kasa warwas, ya koma wajen likitansa ya fada masa gaskiya, ranar wanka ba a boyon cibi. Ya koma, an duba an canza masa magani. Ni kuma da na dauka ya daina sha'awata ne har na fara zargin ko akwai wata.

Bari in dan kauce kadan, don wata kawata da ta girmi mijinta da shekara 9 ta tambaye ni ko suna karbar irinsu, eh suna karba, Anti tace matan da suka girmi mazajensu sun ma fi shan bakin mutane. Ku duba shugaban Faransa Emmanuel Macron, an haife shi 1977 matarsa Brigitte 1953, sun yi aure 2007, shekara 24 ne tsakaninsu, haka Donald Trump da Melania su ma 24 ne, shi 1946 ita 1970, amma tazarar wa aka fi yi wa surutu? Abin yana ba ni mamaki in naji Musulmi yana yi wa irin wannan auren dariya, alhali a ruwayar da ta fi shahara Annabi (SAW) yana da shekara 25 ya auri Nana Khadija tana da 40, suka zauna kusan shekara 25 bai yi mata kishiya ba har ta rasu. Su ma'auratan da matar ta girmi mijin damuwarsu daban ce da tamu, ta fi karkata ga haihuwa tunda al'ada tana dauke wa mace galibi tsakanin 45 da 55, da kuma dangin miji, amma tushen daya ne.

To sai inda suka gaza, kuma ba kadan bane. Na daya sabis, sau uku bidiyo yana yankewa ana tsakiyar magana mai nauyi kuma ba sa mayar miki da mintunan da suka tafi, minti 50 in ya cika ya cika ko da rabinsa a "kina ji na?" ya kare, ranar da yake fadin tsoronsa ma sai da hoton ya tsaya cak muka sake kira, mutumin da da kyar ya bude baki. Ya kamata a ce suna da tsarin komawa kiran murya nan take ko su kara lokacin. Na biyu sun daga mana zama sau biyu, daya ma saura awa daya suka turo sako bayan ya baro aiki da wuri saboda shi, amma mu in za mu daga sai mun sanar da kwana guda ko zaman ya tafi a banza, wannan ba adalci bane. Na uku wanda ya fi bata min rai shine sakon tunatarwa da suke turowa da babban rubutu a sama wai zaman sasanta ma'aurata, ya fado a wayarsa lokacin tana hannun 'yarsa, kafin dare magana ta zagaye 'yan uwa cewa aurenmu yana rawa, har aka fara cewa dama ai an fada. Wurin da sirri shine jarinsa bai kamata ya yi irin wannan sakaci ba, sun gyara bayan mun yi korafi amma ku in za ku yi rijista ku fada musu tun farko yadda kuke so sakon ya zo da lambar da za a tura wa.

Na hudu kuma shine maganar 'ya'yan miji, a nan gaskiya Anti ba ta yi min komai ba. Wata takarda ta turo mana da aka rubuta don masu rikon kananan yara, yadda za ki yi wasa da su ki taya su aikin makaranta, ni kuwa 'yar mijina shekararta 27 tana da aurenta da danta, ta rike gidan nan da kannenta bayan rasuwar mahaifiyarsu kafin in zo, tana ganina a matsayin sa'arta da ta shigo ta zauna a gurbin uwarta. Wannan ba matsalar wasa da yara bace. Na roki a yi zama daya da ita a ciki suka ce tsarinsu na mutum biyu ne kawai, miji da mata. A aure irin namu kuwa manyan 'ya'ya rabin zancen ne, duk wanda zai ba masu tazarar shekaru shawara bai tanadi komai a kan wannan ba aikinsa da saura. Kuma tunda muka gama zama na 8 ko sako daya basu turo ba su ji ya muke, sai na tallan sabon zagaye.

Duk da haka in aka ce in ba su maki cikin 5 zan ba su 4, hudun nan kuma na Anti ne ita kadai, ofishinsu da masu daukar waya 2 ma ya ishe su. Wanda zan ce ya je shine duk ma'auratan da tazararsu ta kai shekara 10 zuwa sama kuma suna jin magana ta fara karewa a tsakaninsu ba tare da wani fada ba, kuma wadanda basu riga sun yi auren ba su sun fi kowa bukata, ku je ku ja layin nan na shekaru tun kafin a daura, ku yi maganar haihuwa nawa kuke so da yaushe, aikin matar, lafiya, da inda za ta zauna in ta Allah ta kasance. Ki tambaye su ko wanda za a ba ku ya taba aiki da masu irin aurenku, me ya karanta, kuma ko ana nadar zaman. Wadda kuma ake duka ko aka yi wa dole, ba zaman sasanci take bukata da farko ba, ta nemi wanda zai kare ta tukuna.

Satin da ya wuce tare muka je asibiti awon jininsa, karo na uku kenan da nake raka shi, nas din ta kalle ni tace Baba 'yarka ce ta kawo ka, yace a'a matata ce, ita za ki yi wa bayanin maganin don ita take rike da katin. Har yanzu wani lokacin kalmar tana kubuce masa, sai ya fara "ke yar..." ya tsaya ya gyara, ni ma nawa yana kubuce min. Babbar 'yarsa kuwa har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ta zo gidan ranar Asabar ta wuce dakin mahaifinta ta fito ta tafi, ruwan da na kawo mata ma ba ta sha ba. Mun yi magana da shi a daren, yace zai nemi wani wurin da suke karbar iyali gaba daya mu zauna mu uku, in ta yarda.